Hasumiyar Swakopmund: wa fitilar ta haska wa hanya?

Ƙwallon goriba ne ya fara tare ni a Swakopmund. Muna tsaye a gindin hasumiyar fitilar garin, ina ja da baya ina neman inda hoto zai ɗauke ta duka, sai wani saurayi ya sha gabana da fara'a, ya tambayi sunana da ƙasar da na fito, kamar wanda muka shekara da sabawa. Ban kawo komai a raina ba na faɗa masa. Kafin in rufe baki ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya hau sassaƙa sunan a jikin wani ƙwallo mai ruwan ƙasa, wanda tuni an zana masa giwa da raƙumin dawa. Makalani suke ce masa a can. Bishiyar 'yar'uwar goribarmu ce, in an kankare bayan ƙwallon sai farin ya fito fes kamar haure. To, suna ya riga ya hau, wa za a sayar wa in ba mai sunan ba? Na biya. Abokin tafiyata Alhaji, wani dattijo ɗan Damagaram, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ka baro goriba tana zuba a ƙasa a Sakkwato, ka zo bangon duniya ka saye ta da tsada."

Taro ne ya kai mu Windhoek, babban birnin Namibiya. Da aka tashi muka ce ba ma koma gida ba mu ga teku ba. Tafiyar kilomita kusan 360 ce, ta Okahandja da Karibib da Usakos, ƙasa tana ta ƙara bushewa har ciyawa ta ƙare ƙaƙaf, sai tsakuwa da duwatsu. Dab da isa direba ya nuna mana hanyar mahaƙar yuraniyom ta Rössing, Alhaji ya ce shi da ya san Arlit wannan ba baƙon abu ba ne. Abin da bai taɓa gani ba shi ne hamada mai sanyi. Ruwan teku a gaɓar nan daga kudu yake tasowa, mai sanyi ƙarara, in iskarsa ta haɗu da zafin hamada sai hazo ya sauka ya rufe gari, wani lokaci har hantsi ba ka ga rana ba. Mun sha hunturu a gida, amma namu busasshe ne. Na can jiƙaƙƙe ne, mai bin riga ya shiga ƙashi.

Garin shaƙatawa ne, kuma ba zan ɓoye ba, ya burge ni. Tituna masu faɗi, tsaf kamar an share da tsintsiya yanzu, gine-ginen Jamusawa na farkon ƙarni na 20 suna nan da fentinsu, gidajen burodi da gahawa, ga Jamusanci ana yi a kasuwa kamar kana wani ƙauye a Turai. In Disamba ta yi, mutanen Windhoek masu hali nan suke gudowa daga zafi. Shugaban ƙasa ma yana da gidan hutu a nan, daf da hasumiyar, a ginin da ya kasance kotun Jamusawa. Sunan garin kansa abin dariya ne in ka bi asalinsa. Daga sunan kogin Swakop aka samo shi, shi kuma daga wata kalmar harshen ƙabilun Nama da Damara mai kwatanta ambaliyar kogin da abin da ke fita daga bayan mutum, saboda launin ruwan da tarkacen da yake kwasowa zuwa teku. 'Yan ƙabilar Herero kuwa Otjozondjii suke kiran wurin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bayan kwana biyu a garin na fahimci an tsara wa baƙo hanyar da zai bi, daga hasumiya zuwa gidan tarihi, daga nan zuwa bakin ruwa da gadar da ta kutsa cikin teku, ya ci kifi ya koma masauki, ba tare da ya san cewa a wannan fili aka kashe mutane da yunwa da sanyi da aikin tilas ba. Ina ganin wannan zalunci ne na biyu a kan mamatan, kuma gyaransa ba shi da tsada.

Bari mu fara da hasumiyar. Me ya kawo fitilar jiragen ruwa wurin da ba tashar kirki? Jamus ta ɗora hannu a kan ƙasar a 1884, amma ta tarar Ingila ta riga ta kama Walvis Bay tun 1878, wato mashigin ruwa mafi kyau a duk gaɓar, kilomita 30 da 'yan kai kudu da nan. Ba yadda za ka yi mulkin mallaka kana roƙon kishiya ƙofar shiga. Sai a 1892 aka kafa Swakopmund a bakin kogi, a ƙarƙashin Curt von François, don aƙalla akwai ruwan sha. Jirage can nesa suke tsayawa, a sauke mutane da kaya cikin ƙananan kwale-kwale, a keto igiyar ruwa da su. Masu wannan tuƙi na kasada 'yan ƙabilar Kru ne da aka ɗauko daga Laberiya, mutanen yankinmu ke nan. Daga 1899 zuwa 1903 aka gina wata katangar dutse cikin teku don ta kare jirage, ba a je ko'ina ba yashi ya cike ta. Yau nan ne wurin wankan 'yan hutu. Aka yi gadar katako a 1905, aka fara ta ƙarfe daga baya, yaƙin duniya na farko ya tarar ba a gama ba. Hasumiyar ita ce ta yi ƙarko. An kunna ta a 1902 tana da tsayin mita 11, aka ƙara mata mita 10 a 1910, ƙasanta dutse, samanta fari da ja, kuma har gobe tana aiki.

Ka lura da shekarar. An kunna fitilar a 1902, Herero suka ɗauki makami a Janairun 1904. Jiragen da suka yi ta jigilar sojoji da dawakai da bindigogi daga Jamus nan suka nufo, kuma a nan Janar Lothar von Trotha ya sauka a watan Yunin 1904. Ban ɗora wa fitila laifi ba. Ita ba ta zaɓen jirgi, yadda ta haska wa janar haka take haska wa masunci. Amma wanda ya tsaya a gindinta yana hoto ya cancanci a gaya masa wa ta fara yi wa jagora.

Gidan tarihin yana nan ƙasa da hasumiyar, taku kaɗan. Wani likitan haƙori Bajamushe, Alfons Weber, shi ya kafa shi a 1951, yanzu kuma yana filin tsohon ɗakin ajiyar kwastan da jirgin yaƙin Ingila ya yi wa luguden wuta a 1914. Ba na gwamnati ba ne, wata ƙungiyar masu sha'awar ilimi ta garin ke riƙe da shi. Ni da na saba da gidajen tarihinmu, inda wani lokaci sai an nemo mai mabuɗi, kuma a tarar da ƙura ta rufe gilashi, sai da kunya ta kama ni. Komai a jere, komai da rubutu. Ga duwatsu masu daraja na hamadar Namib, ga namun daji da tsuntsaye da aka cusa wa auduga suna tsaye kamar masu rai, ga katuwar amalanken shanu irin wadda ake keta hamada da ita zuwa cikin ƙasa, ga sashen yuraniyom. Inda na fi daɗewa shi ne wani shagon magani na zamanin da, an kwaso shi ɗungurungum an sake kafa shi a ciki, kwalabe ɗaruruwa a kan kanta, kowace da sunanta, ga ƙaramin sikeli, ga turmin daka magani. Kusa da shi ga kujerar cire haƙori ta shi likitan, da kayan aikin da ganinsu kaɗai ya isa ya warkar da ciwon haƙori. Alhaji ya ce shi dai gara wanzami.

Akwai kuma sashe babba na ƙabilun ƙasar: Herero da Nama da Damara da Owambo da Himba da San, da tufafinsu, da kayan adonsu, da ƙoren nono, da kwari da baka. An yi aikin da kyau. Sai dai a nan ne wani abu ya fara sukata. A wancan ɓangare mutane suna da suna da shekara: wane ya zo a shekara kaza, ya buɗe shago, ya haifi 'ya'ya, ga hotonsa, ga tabaransa. A wannan ɓangare kuwa "al'ada" ce, ga yadda suke ado, ga yadda suke tatsa, kamar mutanen da ba abin da ya taɓa samunsu a wata rana takamaimai. Wannan ciwo ba na Swakopmund kaɗai ba ne, kusan duk gidan tarihin da aka gada daga zamanin Turawa yana da shi, har namu.

Da na zauna na yi tunani sai na ga dalilin ya wuce mugun nufi. Gidan tarihi irin wannan kayan gado ne. Wanda ya mutu ya bar akwati, jikoki suka buɗe suka ga agogo da wasiƙu suka kai kyauta, shi ake tunawa. Mai kemis ya bar kwalabe. Matar da aka kamo daga daji tsirara, aka rataya mata lambar ƙarfe a wuya, ta mutu bayan wata uku, me ta bari da za a sa a gilashi? In aka ce sai abin da aka bari za a nuna, to an riga an yanke hukunci tun kafin a buɗe ƙofa, masu dukiya ne za su yi magana har abada.

Ga abin da ya faru a taƙaice, don na san da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sa ba. Herero makiyaya ne, shanu ne rayuwarsu, kamar yadda muka san Fulani. Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka yi ta cin ƙasarsu da dabbobinsu, ta hanyar bashi da yaudara da bulala, har tura ta kai bango. Suka tashi a ƙarƙashin Samuel Maharero. A ranar 11 ga Agustan 1904 aka gwabza a Waterberg, sojojin Jamus suka kora su, maza da mata da yara da garkuna, cikin hamadar Omaheke, suka tsare rijiyoyi. A ranar 2 ga Oktoba von Trotha ya fitar da umarni a rubuce cewa duk Herero da aka samu a cikin iyakar Jamus, da bindiga ko babu, da shanu ko babu, a harbe shi, kuma ba zai ƙara karɓar mata da yara ba. Nama ma suka tashi a ƙarƙashin Hendrik Witbooi, aka bi su da irin wannan. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne Herero kusan 65,000 daga cikin 80,000 suka halaka, Nama kuma kusan 10,000, wato rabinsu. Masana da yawa suna kiran wannan kisan ƙare dangi na farko a ƙarni na 20.

A ƙarshen 1904 Berlin ta janye umarnin harbi, aka koma tara waɗanda suka rage a sansanonin gwale-gwale. Ɗaya daga cikin manyan sansanonin a Swakopmund yake, kusa da tashar nan. Wani ɗan mishan Bajamushe da ya zauna a garin a lokacin, Heinrich Vedder, ya rubuta abin da idonsa ya gani: mutane a bayan waya mai ƙaya, cikin bukkokin buhu da katako, ana cusa talatin zuwa hamsin a wuri ɗaya, aiki daga asuba har dare ba ranar hutu, abinci ɗanyar shinkafa ba tukunyar dafawa. Mutanen da suka tashi da nono da nama a ƙasa mai zafi, aka kawo su cikin wannan jiƙaƙƙen sanyi ba sutura. Ni da rigar sanyi biyu nake rawar ɗari. Su suka yi ta sauke kaya daga jirage, suka yi aikin layin dogo da gine-ginen gari, har ɗaura mata ake yi a amalanke su ja a madadin shanu. Sojoji suna ba kamfanoni da gidaje hayarsu, kamfanin jiragen ruwa na Woermann har sansaninsa na kansa gare shi. Masana tarihi sun ƙiyasta sama da mutum 2,000 suka mutu a wannan gari kaɗai kafin a rufe sansanonin a 1908.

A wannan shekarar ta 1908 aka kafa wani mutum-mutumi da har yau yake tsaye kusa da hasumiyar da gidan hutun shugaban ƙasa. Sojan ruwan Jamus ne a kan dutse, riƙe da bindiga, ɗan'uwansa ya faɗi a gefensa. A jikin dutsen an jera sunayen sojojin da suka mutu da wuraren da aka yi artabu da Herero. Kowa da sunansa, harafi bai goge ba. An taɓa watsa masa jan fenti, an yi ta kiran a ɗauke shi, yana nan dai, doka tana kare shi tun zamanin mulkin Afirka ta Kudu.

Kaburburan waɗanda aka kashe kuwa sai ka tambaya. Suna can gefen gari wajen kogi, bayan maƙabartar Turawa mai itatuwa da furanni da duwatsun marmara. Da ka wuce inda shuka ta ƙare sai fili fetal na yashi, da 'yan tuddai jere-jere, ɗaruruwa, iya ganinka. Na tsaya a bakin wurin ban san me zan ce ba. Mun saba in mun shiga maƙabarta mu yi sallama ga mazauna cikinta, su kuwa waɗannan ba mu haɗa addini ba. Na dai cire takalmi a zuciyata, na bi tsakanin tuddan a hankali kada in taka wani.

Kabari marar suna ba ya girgiza Bahaushe. Namu ma haka suke, tudun ƙasa ne da guntun tukunya ko reshen itace a kai, shekara kaɗan ya baje. Amma mu mun san wa muka kai. An yi masa wanka, an yi masa sutura, an yi masa salla, an zauna makoki, ɗansa zai iya nuna maka wajen da yake ko da tudun ya ɓace. Na Swakopmund ba wanda ya raka su sai 'yan'uwansu fursunoni da aka sa su haƙa ramin, waɗanda su ma suna jiran nasu. An daɗe wurin ba ko katanga, masu wasan babura masu ƙafa huɗu suna bi ta kai, unguwar masu kuɗi tana matsowa. Dutsen tunawa na farko da aka kafa ma cewa ya yi sun mutu a wani yanayi mai wuyar ganewa, sai daga baya aka sake shi. Yanayi mai wuyar ganewa! Alhali Jamusawan da kansu sun ajiye rajistar mutuwar.

Wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin wurin a yau wani ɗan fafutuka ne Baherere, Laidlaw Peringanda. Shi da 'yan sa-kai suke zuwa da shebur lokaci-lokaci su sake tara yashin da iska ta baje, su rufe ƙasusuwan da suka fito. Shi ne kuma ya buɗe wani ɗan ƙaramin gidan tarihi na kisan ƙare dangin a Matutura, can bayan gari inda baƙaƙe suke zaune, ɗaki guda mai hotuna a bango. Ka auna: labarin kwalaben kemis yana bakin teku inda kowane baƙo zai wuce, labarin mutum dubbai yana ɗaki ɗaya a unguwar da sai mai niyya yake zuwa.

Alhaji bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. A wajen cin abincin dare ya ce, "Malam, mutanen nan hutu suka zo. Wanda ya tara kuɗinsa shekara guda don ya sha iska, ka tare shi da kabari? In suka daina zuwa, yaron da ya sayar maka da goriba me zai ci? Kai za ka koma gida, shi yana nan." Ya ƙara da cewa Jamusawan garin 'yan ƙasa ne, nan aka haifi kakanninsu, ba su suka yi kisan ba, kuma da ba su adana kayan nan da kuɗinsu ba da yanzu ko kwalba ɗaya babu.

Na karɓi rabin maganarsa. Ba na cikin masu cewa a rushe duk abin da Bature ya gina. Hasumiya tana aiki, a bar ta. Gidan tarihi ya yi abin da ya iya da abin da aka ba shi, a ƙara masa, kada a rage. Jikan da aka haifa a 1980 ba shi ya ɗaura wa kowa lamba a wuya ba, ko da yake gonar da ya gada tana da tarihi, tunda bayan yaƙin an ƙwace ƙasar Herero da Nama da doka, an hana su mallakar shanu, kuma alƙaluman gwamnatin Namibiya na 2018 sun nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan gonakin kasuwanci suna hannun farar fata 'yan tsiraru. Inda muka rabu shi ne batun tsoron korar baƙi. Gorée a Senegal da Cape Coast da Elmina a Ghana, ai kurkukun bayi ake zuwa gani, kuma jama'a ba su daina zuwa ba, su fito su ci kifi a bakin teku. Jamusawan da ke cika jirgi zuwa Namibiya kuwa sun fito ne daga ƙasar da ta kafa abin tunawa da Yahudawan da ta kashe a tsakiyar babban birninta, ta kuma dasa 'yan ƙananan allunan tagulla masu sunayensu a kan titi, a ƙofar gidajen da aka kwashe su. Mutanen da suka saba da wannan a gida, allo ɗaya a gindin hasumiya ba zai kore su ba. In kuwa ana ganin za su iya ɗaukar nauyin wancan amma ba za su iya ɗaukar na baƙar fata ba, to wannan ita ce ainihin matsalar.

Mutum-mutumin sojan kuwa ba ɗaya yake da hasumiya ba. Ba ya haska wa kowa hanya, aikinsa ɗaya ne, girmamawa. A ɗauke shi daga dandali a shigar da shi cikin gidan tarihi, a rubuta a gefensa abin da rundunar ta je yi, a ajiye hotunan sansanin kusa da shi. Ba sabon abu ba ne a ƙasar. A Windhoek an sauke mutum-mutumin sojan doki na Jamusawa a 2013 aka mai da shi farfajiyar tsohuwar ganuwarsu, an kuma sauke na von François a 2022. A Swakopmund ɗin ma babban titin da ke ɗauke da sunan sarkin Jamus Wilhelm ya koma Sam Nujoma, sama ba ta faɗo ba. Kula da kaburbura kuma aikin hukuma ne, da albashin mai gadi da kasafi, bai kamata a bar wa mutum ɗaya da sheburinsa ba. Tun da gwamnati ta ware 28 ga Mayu ranar tunawa da kisan, aka kuma fara kiyaye ta a 2025, to ranar tana bukatar wurin da za a je a tsaya.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a raba ta da wannan. A watan Mayun 2021 Jamus ta amince cewa abin da ta yi kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30 don ayyukan raya ƙasa, amma ta kauce wa kalmar diyya. Manyan shugabannin Herero da Nama da yawa suka yi watsi da yarjejeniyar, suka ce an yi ta a bayan idonsu. Duk wanda ya tashi a inda muka tashi zai gane fushinsu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Diyya daban, sadaka daban. Diyya haƙƙin magada ce, da su ake zama, su ke da ikon karɓa ko yafewa. Ba a kashe wa mutum uba sannan a je a haƙa wa dagaci rijiya a ce an biya. Ƙoƙunan kan da aka kwashe zuwa Jamus don binciken wariyar launin fata ma sai a 2011 aka fara mai do da su, guda 20 a karon farko.

Ina cikin wannan zafin ne Alhaji ya jefo mini tambayar da ta kashe mini jiki. Ya ce, "To Malam, kai da kake ta faɗan na wasu, naku fa?" Ya san abin da yake nufi. A watan Maris na 1906, lokacin da mata suke jan amalanke a Swakopmund, sojojin Ingila suka afka wa Satiru, kudu da Sakkwato kaɗan, bayan talakawan garin sun kashe jami'an Turawa da gatura da fartanya. An kashe mutum kusan 2,000, aka baje garin, aka hana sake zama a cikinsa. Kuma ba Turawa kaɗai suka je ba, da dawakin sarakunanmu a cikin tawagar, wanda ina jin shi ya sa muke tauna maganar a hankali. Na yi firamare da sakandare a jihar, ba malamin da ya taɓa ambata mini sunan garin a aji. Shi ma ya kawo nasu, abin da ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya yi wa Birnin Ƙonni a 1899, garin da muke ratsawa in mun haye ta Illela, mu sha shayi mu wuce.

Da muka fito daga gidan abincin hazo ya riga ya sauka, an kunna fitilar, haskenta yana ratsa shi yana wucewa ta kan rufin gidaje zuwa teku. Masu makalani sun tattara kayansu sun nufi unguwar Mondesa neman mota. Alhaji ya ja hularsa ya rufe kunne, ya ce shi har yanzu bai ga dalilin taɓa gunkin mutane ba, amma allo kam a kafa. Muka yi 'yar tafiya shiru. Sai ya ce in Allah ya mai da mu gida lafiya zai biyo ta Sakkwato, in kai shi Satiru ya gani da idonsa. Na ce to, Alhaji, Allah ya kai mu. Ban gaya masa cewa ni ma ban taɓa zuwa ba, ga shi daga ƙofar gidanmu tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.